Shigar Cin Abincin Dare a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Jagora ga Matafiyi

Duk wanda ya yanki tikitin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, ko daga Jidda zai tashi, ko Dubai, ko Basalona, ko Miyami, akwai tambayar da takan tsaya masa a rai ranar da ya buɗe akwati zai haɗa kaya: me ake sawa idan za a je cin abincin dare? Da rana babu ruwan kowa da kowa. Wannan yana bakin wurin ninkaya da gajeren wando, wancan ya sauka yawo cikin gari da kambas. Amma da ƙarfe shida na yamma ta yi, sai jirgi ya sauya kama. A shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan tebura, ma'aikata su sauya kaya, kuma kusan kowane kamfani yana da irin shigar da ya yarda a zo babban ɗakin cin abincinsa da ita.

Mutum biyu ne wannan ƙa'ida ta fi wahalarwa. Na farko shi ne wanda ya ji an ce yau shigar sakewa ce, sai ya fito da singileti da silifas, a tare shi a bakin ƙofa. Na biyu shi ne wanda ya ji labarin daren ado, ya tsorata, ya je ya zuba kuɗi a kan kwat ɗin da ba zai sake sawa ba har abada. Dukansu rashin sani ne ya ja musu. Wanda ya tashi cikin kaftani da babbar riga, ko atamfa da leshi da abaya, ya riga ya mallaki kusan duk abin da jirgi ke nema. Abin da ya rage masa shi ne ya san wanne ake sawa a wane dare, da yadda zai kai kayan jirgi ba su yamutse ba.

Asalin al'adar

Abin ya samo asali ne daga manyan jiragen fasinja da suka riƙa ratsa Tekun Atilantika tsakanin Turai da Amurka. Kamfanin Cunard na Ingila ya fara wannan zirga-zirga a 1840, lokacin da jirginsa Britannia ya tashi daga Libaful zuwa Halifas da Boston. Da tafiya ta yi tafiya, jirage suka girma, attajiran da ke hawa ajin farko suka shigo da ɗabi'ar gidajensu cikin jirgi: ba a zama cin abincin dare sai an kintsa an sauya kaya, maza da baƙar kwat, mata da dogayen riguna. Daren farko da na ƙarshe kawai ake ɗaga ƙafa, domin a na farko ba a gama kwance kaya ba, a na ƙarshe kuwa an riga an ɗaure su.

A 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigilar fasinja tsakanin nahiyoyin biyu, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Kamfanonin jiragen ruwa suka juya akala zuwa yawon shaƙatawa, fasinja ya zama ɗan hutu, adon kowane dare ya ragu ya koma dare ɗaya ko biyu a mako. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin da ya kira Freestyle Cruising, ya soke tilasta wa mutane lokacin cin abinci da daren ado. Wasu kamfanoni suka bi sahu, wasu suka riƙe tsohon tsari. Shi ya sa a yau babu ƙa'ida ɗaya da ta game kowane jirgi.

Sai dai dalilin ƙa'idar yana nan bai gushe ba. Jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, idan ya cika yana ɗaukar fasinja sama da 7,000. A cikinsu akwai amarya da ango, akwai dattawan da suka zo murnar cika shekaru da aure, akwai wanda ya daɗe yana tara kuɗin wannan tafiya. Mutum ya kintsa kafin ya zauna cikinsu girmamawa ce gare su, da kuma ma'aikatan da suka yini suna shirya wurin.

Matakai uku

Sunaye sun sha bamban daga kamfani zuwa kamfani, amma matakan ba su wuce uku ba. Na farko shigar sakewa, wadda a takardar jirgi za ka ga an rubuta Casual. Na biyu shigar kamala, wato Smart Casual. Na uku shigar ado, wadda wasu ke rubuta Formal, wasu Gala, kamfanin Carnival ya ce Cruise Elegant, Celebrity kuma Evening Chic. Hanya mafi sauƙi ta riƙe su ita ce ka ɗauki na farko a matsayin kayan da za ka sa ka ziyarci aboki a ofishinsa, na biyu kayan Juma'a, na uku kayan Sallah.

Ba sai ka yi ta canki-canki ba. Kowace yamma mai gyaran ɗaki yakan ajiye takardar shirin gobe a kan gado ko a jikin ƙofa, kuma yawancin kamfanoni suna da manhajar waya da ke nuna shirin dukan tafiyar. A nan ake rubuta shigar kowane dare. Ka duba tun ranar da ka shiga, ka san daren ado, ka ware kayansa. Galibi yakan faɗo ne a ranar da jirgi ya yini a teku bai tsaya a wata tasha ba, domin mutane su sami lokacin shiri.

Kowane kamfani da halinsa

Cunard shi ne ya fi riƙe tsohuwar al'ada. A jirginsa Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004 kuma yake ratsa teku tsakanin Sawuthamton da Niyok cikin dare bakwai, ƙa'idar shiga tana fara aiki daga ƙarfe shida na yamma, kuma ba ta tsaya a ɗakin cin abinci ba, ta haɗa da yawancin zauruka da wuraren zama. A irin wannan tafiya galibi darare biyu ne na ado, inda ake son namiji ya sa baƙar kwat ta biki ko kwat mai duhu da nektai, mace kuma doguwar rigar ado. P&O Cruises, shi ma na Ingila, yana da irin waɗannan darare.

Kamfanonin Amurka sun fi sassauci. A Carnival, tafiyar da ba ta wuce kwana biyar ba daren ado ɗaya gare ta, wadda ta kai kwana shida zuwa sama kuma biyu. A sauran darare ya yarda da wandon jins da ba a yanke ba, har da gajeren wando mai kyau da ya sauko, amma a daren ado ba ya karɓar su. Royal Caribbean yana gabatar da tsarinsa a matsayin shawara fiye da doka, sai dai shi ma ba ya barin kayan ninkaya ko tafiya ba takalmi a ɗakin cin abinci. Norwegian ba shi da daren ado na tilas. Viking kuwa ba ya daren ado sam, amma yana son shigar kamala kowane dare, har yana roƙon kada a sa jins a manyan ɗakunan cin abincinsa. A nan ne mutane kan yi kuskure: rashin daren ado ba ya nufin kowa ya yi yadda ya ga dama.

Akwai kuma jiragen da suka fi kusa da hanyoyin da mutanenmu suka saba bi. MSC ya saba tashi daga Dubai da Abu Dabi a lokacin sanyi, yana kuma tashi daga Daban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik, yana da daren ado amma ba ya tsanantawa. Saudiyya ma ta buɗe nata kamfanin, Aroya Cruises, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba na 2024, abincinsa halal, ba a sayar da giya a cikinsa. A irin waɗannan jirage ganin namiji da farar jallabiya ko mace da abaya a teburin dare ba baƙon abu ba ne.

Kamfanoni sukan sauya ƙa'idojinsu lokaci zuwa lokaci. Saboda haka kafin ka rufe akwati, ka buɗe shafin kamfanin da za ka bi ka karanta abin da ya ce a wannan shekarar, ko ka tambayi wanda ya yankar maka tikiti. Matambayi ba ya ɓata.

Shigar sakewa: inda aka fi tuntuɓe

A tafiyar dare bakwai, darare biyar na sakewa ne ko na kamala. Ke nan su ne ya kamata su fi cin wuri a akwatinka, kuma a kansu ne aka fi mayar da mutane daga bakin ƙofa.

Abubuwan da kusan duk kamfanoni suka haɗu a kan hana su a babban ɗakin cin abinci da dare ba su da yawa: kayan ninkaya, singileti ko riga marar hannu ga maza, gajeren wandon wasanni, silifas ɗin roba, hula hana-sallah, da wandon da aka yayyaga. Ka ƙara da rigar da aka rubuta wa kalaman batsa ko na zagi. Jesin ƙwallo da kayan motsa jiki, ko da ba a rubuta su cikin jerin ba, ka bar su na rana ne.

Ga namiji, dogon wando da shat mai kwala sun wadatar, ko mai gajeren hannu ce, ba a neman kwat ko nektai. Amma abin da ya fi wannan sauƙi shi ne kaftani na yadi marar nauyi, mai ɗan aiki kaɗan a wuya, da wandonsa. Ba ya ɗaukar wuri a akwati, ba ya takura ciki bayan an ci an ƙoshi, kuma da shi ka wuce matakin farko ka shiga na biyu ba tare da ka sauya komai ba. Ko ka sa hula ko ka bar ta, duk daidai ne.

Jallabiya tana buƙatar lura. Mai kwala da maɓallan hannu, wadda aka goge ta tsaya, shiga ce ta kamala a ko'ina. Amma sakakkiyar jallabiyar zaman gida, mai gajeren hannu, wadda ta sha wanki ta yi laushi, a jirgin Bahar Rum ko na Karibiyan ma'aikaci zai iya ɗaukarta kayan barci. Ka bar ta a ɗaki.

Ga mace, doguwar rigar atamfa, ko riga da siket, ko abaya marar nauyin duwatsu da mayafin da ya dace da ita, duk sun cika sharaɗi. Hijabi da ɗankwali ba sa cikin abin da ake hanawa. Dokar cire hula an yi ta ne don hular wasanni ta maza. Laffaya ma shiga ce mai kyau ga wadda ta iya naɗa ta. Abin da za ki kiyaye shi ne tsawo: rigar da ke jan ƙasa tana kamuwa a matattakala, jirgi kuwa cike yake da matattakalai, ga shi wani lokaci yana tangaɗi.

Yara ba a matsa musu. Riga mai tsabta da wando ga yaro, 'yar doguwar riga ga yarinya, da takalmi a ƙafa, shi ke nan. Abin da ba a so shi ne a kawo su kai tsaye daga wurin ninkaya, jiki na ɗigar ruwa.

Daren ado da kayanmu na gida

Wannan ne daren da kyaftin kan fito ya gaisa da fasinjoji, masu ɗaukar hoto su kafa fitilu a manyan zauruka, ɗakin girki ya fitar da abincin da ya fi na kullum. Tun kafin ƙarfe shida za ka ga mutane sun yi layi a gindin babbar matattakala ana ɗaukarsu hoto. Ɗauka kyauta ce, sai ka ga hoton ya yi maka za ka biya.

Kamfanonin da suka fi tsanani ma suna karɓar kayan ado na ƙasar mutum a wannan dare. Mutanen Sikotilan sukan fito da siket ɗinsu na gargajiya, matan Indiya da sari. Babbar riga ta shadda da 'yar ciki da wando da hula tana wannan sahu, haka leshi da gwaggwaro da sarƙa. Babu dalilin da zai sa Bahaushe ya ari kwat alhali yana da abin da ya fi ta kwarjini. Sharaɗi ɗaya ne: shigar ta zama cikakkiya, mai tsabta, a goge. Kaftani mai cikakken aiki da hula da rufaffen takalmi shi ma ya isa ga wanda ba ya son nauyin babbar riga.

Akwai abubuwa biyu da mai babbar riga zai lura da su. Teburan jirgi a matse suke, kuma a gaban kowa akwai kofunan gilashi biyu ko uku, da jerin cokula da wuƙaƙe dama da hagu. Kafin ka zauna, ka naɗe hannuwan rigar ka ɗora su sosai a kafaɗa, ka tattara ƙasanta a cinya, kada ƙafar kujera ta danne ta ko mai kawo abinci ya taka. Na biyu iska. Idan bayan cin abinci ka fita sarari a saman jirgi, iskar teku tana da ƙarfi, takan cika riga, takan ɗauke hula. Ka dafe ta, ko ka riƙe ta a hannu. Mace ma ta kama mayafinta da fil kafin ta fita.

Takalmi kuwa, namiji ya tafi da rufaffe ƙafa ɗaya, baƙi ko ruwan ƙasa, ko sau-ciki na fata mai kyau. Buɗaɗɗen takalmin fata da muke sawa da kaftani yana wucewa a daren sakewa a jirage da yawa, amma a daren ado rufaffe ya fi kwanciyar hankali. Mace ta zaɓi mai matsakaicin dunduniya mai faɗi. Daga ɗaki zuwa wurin cin abinci a babban jirgi tafiya ce mai nisa, kuma siririyar dunduniya ba ta jituwa da motsin teku. Ɗakunan cin abinci suna da sanyin na'ura sosai, saboda haka mayafi mai ɗan kauri zai yi amfani ko a tsakiyar bazara.

Dararen launi

Bayan matakan uku, wasu jirage suna da daren da ake roƙon kowa ya fito da launi ɗaya. MSC da Costa suna da daren fararen kaya. Virgin Voyages yana da daren ja. Holland America yana da bikin ruwan lemo, launin gidan sarautar Holan. Cunard yakan ba dararen adonsa taken baƙi da fari, ko ja da ruwan zinariya. Ƙananan jiragen Kogin Nilu da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan kuwa suna da daren jallabiya. Babu wanda za a hana abinci don bai bi launi ba. Amma farar shiga ɗaya ba za ta cika maka akwati ba, kuma za ta yi maka aiki a kowane dare.

Guga, wanki da turare

A nan ne matafiyi daga wajenmu ya fi buƙatar shiri. Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara a tsakiyar teku. Saboda haka ba a yarda fasinja ya shigo da dutsen guga ba. Ana saka kowane akwati a na'urar bincike, idan aka ga dutsen guga sai a riƙe shi har ranar sauka. Haka kyandir, haka duk abin da ke cin wuta.

Wannan ya haɗa da turaren wuta, da kasko, da gawayi, har da na'urar ƙona turare ta lantarki. A kowane ɗaki akwai na'urar da ke jin hayaƙi, tana kuma sanar da masu kula da tsaron jirgi. Hajiya, ki turara kayanki a gida kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ki naɗe su da ɗuminsu ki sa a leda ki ɗaure. Ƙamshin zai kai ki har ƙarshen mako. Humra da turaren shafawa ba a hana su ba, sai dai ki sa su a babban akwati, domin a yawancin filayen jirgin sama ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. A kuma sassauta hannu wajen shafawa, ɗakin cin abinci rufaffe ne, kuma sau da yawa tebur ɗaya ake haɗa mutum da baƙi.

Tun ran gini tun ran zane: ka karɓo kayanka daga mai wanki da guga kafin tafiya, kada ka warware ninkin da ya yi musu. Babbar riga a ninke ta aikin yana ciki, a sa leda ko siririyar takarda tsakanin ninki da ninki, a kwantar da ita a saman sauran kaya, takalma kuma su koma ƙasan akwati cikin jakarsu. Hular da aka wanke aka ba ta siffa, a cusa mata safa ko singileti a ciki, a sa ta a roba mai murfi ko a jakar hannu. Da akwati ya iso ɗaki, abu na farko shi ne a rataye kayan dare. Idan hanga ba ta isa ba, mai gyaran ɗaki zai ƙaro.

Kayan yadi da suka ɗan yamutse, a rataye su a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi, tururi zai sake su. Kada a yi wa shadda haka, tururi yana kashe mata tsayuwa. Kowane jirgi yana da sashen wanki da guga, ana biyan kuɗi a kan kowane kaya. Wasu, irin na Cunard da Princess, suna da ɗakin wanki na fasinjoji da dutsen guga a ciki. Na Royal Caribbean ba su da shi. Idan za ka ba da shadda ko leshi, ka rubuta a takardar cewa guga kawai ake so, ban da wanki, ka kuma faɗa wa mai gyaran ɗaki da baki. Injin wanki zai cinye ƙyallin shadda, kuma babu mai bugu a teku. Ka miƙa kayan kwana ɗaya kafin daren ado, domin a ranar kowa ke kai nasa.

Daren farko da na ƙarshe

Ranar shiga jirgi, a tasha ake karɓar manyan akwatuna, a kawo su bakin ɗaki daga baya. Wani ya sami nasa da la'asar, wani sai bayan Magariba. Don haka daren farko ba a tsanantawa. Duk da haka ka sa shiga ɗaya ta dare a jakar hannu, tare da magunguna da fasfo da gwala-gwalai. Idan an isa, zinariya ta shiga ɗan akwatin ƙarfe mai lamba da ke cikin kabad ɗin ɗaki.

A daren ƙarshe kuma ana son a fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, ba za ka sake ganinsu ba sai a tasha. Ka ware kayan da za ka sauka da su da safe, da takalminsu, kafin ka rufe akwati.

Yawancin jirage suna da zama biyu na abincin dare, ɗaya wajen ƙarfe shida, ɗaya bayan takwas, wasu kuma suna barin mutum ya zo lokacin da ya so. Lokacin Magariba yana sauyawa yayin da jirgi ke tafiya. Wanda yake son ya yi salla a natse sannan ya shirya, zama na biyu ya fi masa. Mai ƙananan yara kuwa na farko zai fi dacewa da shi.

Idan ba ka son ado, ko aka tare ka

Babu wanda zai kwana da yunwa don bai yi ado ba. Kowane babban jirgi yana da wurin ɗiba-da-kanka: Windjammer a Royal Caribbean, Lido a Carnival, Kings Court a Queen Mary 2. A can riga da wando da takalmi sun isa. Ana kuma iya sa a kawo abinci ɗaki. Wanda ya dawo daga yawon gari a gajiye ya nufi can, ya fi masa da ya je ya yi gardama a ƙofar da ba ta karɓar shigarsa.

Idan kuwa an tare ka, ga yadda abin yake. A bakin ƙofa akwai ɗan tebur da kwamfuta, shugaban ɗakin cin abinci yana tsaye yana duba lambar ɗakin kowa. Zai matso kusa da kai, ya rage murya, ya ce yana neman afuwa, yau ba a shiga da gajeren wando, ko za ka sauya ka dawo, teburinka yana nan. Aikinsa yake yi, ba shi ya kafa dokar ba. Ka gode masa, ka je ka sauya. Idan kuma kayan gargajiya ne bai gane ba, ka gaya masa cikin natsuwa cewa wannan ita ce shigar ado ta ƙasarku. Galibi magana ta ƙare ke nan.

Abin da ya isa tafiyar dare bakwai

Kayan dare sa'o'i biyu ko uku ake yi da su a jiki, cikin sanyi, ba gumi. Idan aka rataye su za a iya maimaitawa. Jirgin ruwa ba ya cika damuwa da nauyin kaya, amma jirgin saman da zai kai ka tasha galibi kilo 23 yake ba kowane akwati.

Ga namiji: kaftanin yadi biyu, ɗaya fari, kaftanin shadda mai aiki ɗaya, babbar riga ɗaya idan yana so, dogon wando mai duhu ɗaya da shat mai kwala biyu, hula biyu, rufaffen takalmi ƙafa ɗaya da safa.

Ga mace: atamfa biyu, abaya biyu, ɗaya mai ado, leshi ɗaya, farar shiga ɗaya, mayafi uku da za su shiga da kowanne, takalmi marar dunduniya da mai matsakaiciya, ƙaramar jakar hannu da za ta ɗauki katin ɗaki da waya, fil da allura da zare.

Wannan ya isa kowane jirgi, daga mai sassauci har zuwa mai tsanani. Saboda haka, mai karatu, ka karanta ƙa'idar kamfaninka, ka goge kayanka tun daga gida, ka bar dutsen guga da kasko, ka shiga ɗakin cin abinci da kaftaninka ko leshinki ba tare da jin nauyin kowa ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.